Yaro Ya Haddace Darasin Zafi, Bai Iya Auna Shi Ba

Tun 2011 matatar SORAZ ke fitar da gas a Damagaram, amma daga Alakoss zuwa Gure da tafin hannu ake gwada zafin tanda. A Turai kuwa, wasu masu gasa fiza a gida kan haɗa ma'aunin zafi da Arduino, ɗan allon lantarki da aka ƙera wa ɗalibai a Italiya a 2005. Allon ya karanta zafin, ya rage gas ko ya ƙara.

Malamai, ai darasin da kuke sa yara haddacewa ke nan! Masu cewa gas haɗari ne sun yi gaskiya. To, yara su haɗa ma'auni da ƙararrawa, a bar wa gwani bakin tukunyar gas.

Iyaye, ku tambayi lakwal: me ɗana ya taɓa haɗawa da hannunsa?