Mugun da aka yi wa dariya shekara 59: darasi daga Polka-Dot Man



Yau za mu leƙa Amurka, wajen wani ƙaramin mugu na littattafan zane na kamfanin DC, wanda ko masu bibiyar labaran Batman ba kowa ya san shi ba. Sunansa Abner Krill, laƙabinsa Polka-Dot Man, wato mai ɗige-ɗige. Ra'ayinmu a kansa ɗaya ne: ba ƙarfin mugu ke sa mai karatu ya riƙe shi a zuciya ba, sai in an ɗaure ƙarfin da ciwon da ke cinsa.

Ya fara bayyana a 1962, a fitowa ta 300 ta mujallar Detective Comics, daga alƙalamin Bill Finger da zanen Sheldon Moldoff. Ɓarawo ne a birnin Gotham, yana sanye da fararen kaya masu ɗige-ɗige kala-kala. In ya ɓamɓaro ɗigo ɗaya sai ya girma ya zama makami: wannan ya zama zarto mai juyawa, wancan ya zama faifan da zai hau ya tashi sama, wani kuma ya fitar da haske mai kashe ido. Batman da Robin suka kama shi, shi ke nan. Me ya sa yake sata? Me ya haɗa shi da ɗige-ɗige? Labarin bai damu ya faɗa ba. Saboda haka ya daɗe a jerin mugayen da ake ambata don a yi dariya kawai.

A 2021 darakta James Gunn ya ɗauko shi ya saka a fim ɗin The Suicide Squad, David Dastmalchian ya fito a matsayinsa. Gunn bai ɓoye ba cewa ya zaɓe shi ne don yana cikin waɗanda aka fi rainawa. Bai ƙara masa ƙwanji ko dogon kirari ba. Abu ɗaya ya canza: ɗige-ɗigen suka tashi daga kan riga suka koma cikin jiki.

A fim ɗin, mahaifiyar Abner masaniyar kimiyya ce da ta ƙwallafa rai sai 'ya'yanta sun zama jarumai masu ƙarfin ban mamaki. Ta yi gwaji a kansu da wata ƙwayar cuta, wasu suka mutu, shi ya rayu da cutar. Ƙuraje masu launi da haske suna kumbura masa a fuska da jiki, dole ya amayar da su sau biyu a rana, in ba haka ba su cinye shi. Su ne kuma makaminsa, domin duk abin da ya watsa wa sai ya narke. Ga kuma ciwon zuci: duk wanda ya kalla, fuskar mahaifiyarsa yake gani. Da bakinsa ya ce ba ya son kisa, amma in ya ɗauka ita ce a gabansa, abin yakan zo masa da sauƙi.

Mu lura da yadda aka ƙulla abin. Makaminsa shi ne cutarsa, cutar kuma daga hannun wadda ya kamata ta kare shi ta fito. Ba za a cire ɗaya a bar ɗaya ba. Shi ya sa a ƙarshen fim, lokacin da suke yaƙi da Starro, wata ƙatuwar halitta mai siffar tauraro, sai da abokinsa ya ce masa ya ɗauka uwarsa ce kafin ya iya kai hari. Ya raunata ta, ya yi ihun murnar cewa yau ya zama jarumi, nan take ta murƙushe shi. Burin da uwar ta lalata rayuwarsa a kai ya cika na ɗan lokaci, kuma shi ya zama ajalinsa.

Akwai wani ɗan wuri da ya fi wannan taɓa zuciya. Da aka kashe Milton, direban da ya yi ta bin su yana taimaka musu, wasu daga cikin tawagar ba su ma tuna ko wane ne ba. Abner ne ya damu. Wanda aka saba mantawa da shi, shi ya lura da wanda aka manta. Da wannan kaɗai mun san ciwon ƙwaƙwalwarsa bai cinye mutuntakarsa ba.

To mu dawo gida. Sau nawa muke rubuta kishiya mai bin boka, ko uwar miji mai makirci, ba tare da mun ba ta dalili ko ɗaya ba? In labari ya cije mana, sai mu ce ai dama muguwa ce, ko mu ce mahaukaci ne, mu wuce. Wannan lalaci ne, kuma yana da illa a wajen takarda. Cikin masu karanta mu akwai masu fama da taɓin hankali, akwai masu jinyar ɗan'uwa. Duk lokacin da muka mai da hauka ya zama wani suna na mugunta, muna ƙara musu nauyin tsangwamar da suke ɗauke da ita.

Wani zai ce ba wa mugu dalili tamkar wanke shi ne. Ba mu yarda ba. Dalili daban, uzuri daban. Abner fursuna ne a fim ɗin, kuma mun ga ya kashe mutane da idonmu. Ba a yafe masa ba, an dai nuna mana hanyar da ya biyo. Mai karatun da ya ga hanyar shi ne zai iya gane ta in ya hango ta a gidansu.

Don haka kafin mu ci gaba da babi na gaba, kowa ya zauna da mugun labarinsa ya yi masa tambaya uku. Wa ya fara cutar da kai? Me ya haɗa wannan cutarwar da makamin da kake riƙe da shi, asiri ne ko kuɗi ko kaifin baki? Wane ne mutum ɗaya da za ka yi wa kuka in ya mutu? In babu amsa, ba mu gama gina shi ba tukuna.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.