Goge Tabon Kotu A Gundumar Los Anjalis

A cikin watan Fabrairu na 2020 ne babbar lauyar gwamnati ta Gundumar Los Anjalis, a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, watau Jackie Lacey, ta roƙi kotu ta soke hukunce-hukunce kusan 66,000 waɗanda aka yanke wa mutane saboda tabar wiwi, wasunsu tun daga 1961. Waɗanda abin ya shafa sun kai wajen mutum 53,000. Da yawa daga cikinsu sun daɗe da gama ɗauri ko biyan tara, har wasu sun yi furfura, amma sunayensu na nan daram a littafin masu laifi, inda mai ɗaukar ma'aikata da mai ba da hayar gida suke leƙawa kafin su ce wa mutum i ko a'a. Wannan mataki ya dace, kuma ya kamata jama'ar Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca su san yadda aka kai gare shi, da kuma inda ya gaza.

Kada kalmar gunduma ta ruɗi mai karatu. Mutanen Los Anjalis sun kai miliyan 10 bisa ƙidayar 2020, watau ta fi yawancin jihohin Amurka jama'a, tana da birane 88 da gidajen kotu fiye da 30. Mutumin da aka taɓa kamawa a can, labarinsa ba wuri ɗaya yake zama ba. 'Yan sandan da suka kama shi suna da nasu rubutun, kotun da ta yi shari'ar tana da nata, Ma'aikatar Shari'a ta jiha da ke Sakramento tana da nata tare da hoton yatsunsa, haka kuma hukumar FBI ta tarayya. Bayan waɗannan akwai kamfanoni masu zaman kansu da ba su da sana'a sai tattara irin waɗannan bayanai su sayar wa masu ɗaukar aiki. Sau da yawa rubutun wannan bai dace da na wancan ba. Akan sami inda aka rubuta ranar kamu, amma ba a rubuta cewa alƙali ya sallami mutumin ba, saboda haka mai dubawa sai ya ga kamun kawai ya yanke nasa hukuncin. Wanda yake son ganin abin da jiha ta rubuta a kansa tilas ya je a ɗauki hoton yatsunsa, ya biya ma'aikatar Dala 25, ban da ladan mai ɗauka.

Ga kuma rikicin suna. A wurin da mutum miliyan 10 suke zaune, masu suna iri ɗaya ba su ƙirguwa. A 2021 wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta hana jama'a binciken kundin kotuna ta hanyar ranar haihuwa, don kare sirrin mutane. Niyyar mai kyau ce, amma ta sa rarrabe mai laifi da takwaransa ya ƙara wuya, masu neman aiki kuwa suka riƙa daɗewa suna jiran sakamakon bincike.

Illar wannan tabo ba zato ba ne. A wani bincike da Devah Pager ta buga a 2003, an aika samari neman aiki a birnin Milwoki da takardu iri ɗaya. Farar fata marar tabo an sake kiransa a kashi 34 cikin ɗari na wuraren da ya je, mai tabo kashi 17. Baƙar fata marar tabo kashi 14, mai tabo kuwa kashi 5 kacal. Watau Bature mai tabon kurkuku ya fi baƙin mutum mai tsabtar suna samun shiga. A Los Anjalis ɗin ma, baƙar fata ba su kai kashi 10 cikin ɗari na jama'a ba, amma su ne kashi 32 na waɗanda sokewar 2020 ta shafa, 'yan asalin Latin Amurka kuma kashi 45.

Ba wai babu dokar wanke suna ba ne tun da can. Sashe na 1203.4 na dokar manyan laifuffuka ta Kalifoniya ya daɗe da ba wanda ya cika sharuɗɗan da kotu ta gindaya masa damar roƙon a kori shari'arsa. A 2016 kuma jama'ar jihar suka jefa ƙuri'ar halatta wiwi ga manya, dokar ta ce wanda aka hukunta a da yana iya neman a rage ko a soke. To, amma roƙon yana bukatar mutum ya san dokar, ya nemo lambar shari'arsa, ya cika takardu, ya bar aikin yini ya je kotu, wani lokaci ma ya ɗauki lauya. A San Faransisko, bayan fiye da shekara guda da kafa dokar, mutum 23 ne kawai suka shigar da roƙo, alhali kuwa da aka zo aka bincika, shari'o'in da suka cancanta sun haura 9,000. A Jihar Mishigan ma masu bincike sun gano cewa kashi 6.5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka cancanta suke samun wankewa cikin shekara biyar. Haƙƙin da sai mai ilmi da kuɗi da sarari ne zai iya karɓa, talaka sai dai ya ji labarinsa.

Saboda haka ne Majalisar Kalifoniya ta juya al'amarin a 2018, ta ɗora wa hukuma nauyin nemo masu tabon wiwi da kanta. Wata ƙungiya mai suna Code for America ta shirya wa lauyoyin gwamnati tsarin kwamfuta wanda yake karanta kundin jiha ya fitar da waɗanda suka cancanta, aikin da zai ci akawuna watanni masu yawa. Da shi aka tace 66,000 ɗin nan. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A watan Satumba na 2021 George Gascon, wanda ya gaji Lacey, ya ba da sanarwar soke wasu kusan 60,000 kuma. Ina suka ɓuya da farko? Binciken farko da kundin jiha kaɗai aka yi shi, waɗannan kuwa suna kwance a kundin kotunan gundumar, ba su taɓa fitowa a lissafin Sakramento yadda ya kamata ba. Wannan shi ne wurin da ya fi cancanta a tsaya a duba. Inji ba ya iya goge abin da akawu bai rubuta daidai ba, kuma ƙasar da ta fi kowace arzikin na'urori ta tsallake kusan rabin mutanen da take nema a zagayen farko.

A 2022 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a wata doka da ta faɗaɗa abin, yadda yawancin manyan laifuffuka za a rufe su daga idon jama'a bayan shekara huɗu da gama hukunci, muddin mutum bai sake yin wani babban laifi ba. Masu adawa sun ce mai shago yana da haƙƙin sanin wanda zai danƙa wa makullinsa. Maganarsu ba ta banza ba ce, shi ya sa dokar ta cire laifuffukan zub da jini da na fyaɗe da makamantansu daga gogewar kai tsaye, kuma 'yan sanda da alƙalai suna ci gaba da ganin kome. Amma ba hujja ba ce ta a bar saurayin da aka kama da ƙullin taba a 1985 yana biyan bashin har ya shiga kabari. Wajibi ne kuma 'yan Nijeriya masu 'yan'uwa a Amurka su san cewa irin wannan gogewa ta jiha, a mafi yawan lokuta, ba ta ɗaure hukumar shige da fice ta tarayya. Baƙon da jiha ta wanke ana iya korarsa daga ƙasar bisa wannan tsohon hukuncin.

Mene ne ruwan ɗan acaɓa a Agege ko mai sayar da albasa a Mile 12 da wannan? Ruwansa shi ne Nijeriya ma ta kama hanyar tattara irin wannan kundi. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, a sashe na 16, ta tanadi babbar rajistar masu laifi ta ƙasa, ta kuma ce a aika mata da hukuncin kotu cikin kwana 30. Takardar shaidar hali da 'yan sanda suke bayarwa, wadda aka san ofishin Alagbon na Ikoyi da ita, ana neman ta wajen fita waje da wasu ayyukan kamfani. A da mantuwa da ɓacewar fayil su ne suke wanke talaka. Ranar da aka haɗa kundin nan da hoton yatsu da lambar ɗan ƙasa, wannan mantuwa ta ƙare. Baƙo kuwa shi ne ya fi faɗawa hannu idan an fito kame, shi ne kuma ya fi saurin cewa ya amsa laifi a gaban kotun tafi-da-gidanka don ya biya tara ya koma bakin nemansa, ba tare da ya san cewa amsawar nan hukunci ce da za a rubuta ba. Ga Musa Abdullahi da Sani Muhammadu sun fi a ƙirga a kowane Sabo.

Hanyar yafiya da Tsarin Mulki na 1999 ya tanada, a sashe na 175 da na 212, tana hannun Shugaban Ƙasa da Gwamnoni, kuma kowa ya san ba mai tura baro take isa gare shi ba. Ya kamata Majalisar Tarayya ta yi doka wadda za ta sa ƙananan laifuffuka su faɗi da kansu bayan wasu shekaru, kamar yadda Ingila ta yi tun 1974, ta kuma tilasta a cire sunan duk wanda kotu ta sallama ba tare da ya roƙa ba. Kafin wannan, sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su riƙa gaya wa jama'arsu abu biyu: kada kowa ya amsa laifin da bai fahimta ba sai an kawo masa tafinta, kuma duk wanda alƙali ya sallama kada ya bar harabar kotu sai ya nemi kwafin hukuncin mai hatimi daga wajen rajistara, ya duba an rubuta sunansa da na mahaifinsa daidai.