Neman Abin Da Ba A Rubuta Ba

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, duk wanda ya ƙetare kogin Kaduna ya nufi Kakuri ya san labarin masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, aka rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama. Mu da za mu gaji teburan akawu, lalle ne mu lura da abu guda: a rajistar biyan kuɗi, wanda aka hana haƙƙinsa ba shi da wata alama. Layinsa dai ba a rubuta masa "an biya" ba, shi ke nan.

To, yaya za a sa kwamfuta ta nemo abin da babu? Akwai wata ƙa'idar laluben rubutu da ake kira regex, wadda masanin lissafi Stephen Kleene ya aza harsashinta a 1951, Ken Thompson kuma ya shigar da ita kwamfuta a shekarun 1960. Asalin aikinta shi ne nemo abin da ke nan, amma ana iya juya ta. In aka rubuta ^(?!.*an biya).*$ ma'anarsa ita ce: tsaya a farkon layi, leƙa gaba, in ka hango "an biya" ka wuce, in ba ka hango ba ka kamo layin. Sabon shiga yakan rubuta [^an biya], alhali kuwa wannan yana kama kowane harafi guda da ba ya cikin waɗannan haruffa ne, sai ka ga kusan rajistar duka ta fito.

Muna goyon bayan kowane akawu ya koyi wannan, amma da sharaɗi. Kwamfuta haruffa take gani, ba ta san kuɗi ba. In wani ya buga "An Biya" da manyan haruffa, ko "anbiya" a haɗe, sai ka ce zancen annabawa yake yi, za ta rantse ba a biya ba, a sake biyan mutum sau biyu. Wannan da sauƙi, mai binciken kuɗi zai gano. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne layin da aka rubuta "an biya rabi". Kalmomin suna ciki, saboda haka na'ura za ta tsallake shi, sunan tsoho ya ɓace daga jerin masu bin bashi, ya yi ta hawa mota daga Makera zuwa ofis ana ce masa ai kwamfuta ta ce an sallame shi.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatu su tsayar da lafazi ɗaya tak a wannan gurbi na rajista, ragowar kuɗi kuma a ba shi gurbinsa dabam, da lambobi. Kafin a sa hannu kan kowane jeri, a ɗauko fayil goma daga cikin waɗanda na'ura ta tsallake, mutum ya karanta da idonsa.