Rubutun Jikin Gwangwani Bai Isa Shaida Ba

Mai kiwon kare ko kyanwa, in ya je sayen abincinsu na gwangwani ko na buhu, abin da yakan fara dubawa shi ne yawan furotin, wato sinadarin gina jiki, da aka rubuta a jiki. To, wannan lissafi shi kaɗai bai isa shaida ba.

A watan Maris na 2007 kamfanin Menu Foods na Kanada ya janye gwangwani da ƙunshi wajen miliyan 60 daga kasuwa, bayan karnuka da kyanwoyi a Amurka sun yi ta mutuwa da ciwon ƙoda. Da aka bi diddigi, sai aka tarar garin alkamar da aka sayo daga ƙasar Sin an gauraya shi da melamin, sinadarin da ake yin farantan roba da shi. Dabarar kuwa ita ce, awon da aka saba yi naitirojin yake ƙirgawa, daga nan a ƙiyasta furotin. Shi ko melamin, kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne. Ashe ma'auni ma ana yi masa rufa-ido! A 2008 irin wannan algus ya shiga madarar jarirai a Sin ɗin.

A Nijeriya abin tsoro ya fi kusa da haka: masara da gyaɗa in suka sha danshi sukan yi fumfuna mai dafin da ke lalata hanta. Saboda haka buhun da ya dunƙule ko yake warin ruma, a bar wa mai shi. Dabbar da ta ƙi ci, ko ta kama amai da yawan shan ruwa bayan an sake mata abinci, a garzaya da ita wurin likitan dabbobi, a tafi da ragowar abincin.