Kunnen Jita Ko Hannun Makaɗi?

'Yan'uwana ɗalibai, wata gardama da muka yi a Anguwan Rogo ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wani abokina ya sayar da wayarsa don ya canza wa jitarsa ta lantarki abin da Turawa ke kira fikof, wanda ni na raɗa wa suna kunnen jita. Wai da zarar ya canza shi, kiɗansa zai gyaru.

Shi wannan kunne maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, yana ƙarƙashin tsirkiyoyi. Idan tsirkiyar ƙarfe ta motsa, sai ya mayar da motsin lantarki, ya tura zuwa lasifika. Mai naɗi ɗaya, irin na jitar Fender Stratocaster ta 1954, muryarsa siririya ce garau, amma yana kwaso ƙugin lantarki. Mai naɗi biyu, wanda kamfanin Gibson ya sa wa jitar Les Paul a 1957, yana kashe ƙugin, muryarsa kuma ta fi kauri. Ke nan abokina yana da gaskiya, murya za ta canza.

Sai dai a ganina, murya daban, gwaninta daban. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna har ƙasashen waje. Mu ma masu nazarin harshe mun sani, sabon ƙamus ba ya gyara wa mutum karin harshe, sai yawan magana.

Don haka ɗan'uwa, ka fara horar da yatsunka kafin ka taɓa aljihu. Allah ya sa mu dace.