WAKILINMU, ME KA CE A MAJALISA?

Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba. In an gama a ƙofar gida kuma a shiga da takardar nan cikin gida a karanta wa mata, domin rabin maganar tasu ce.

Ni malamin firamare ne kafin jam'iyya ta ɗora mini wannan hidima ta yawo ƙauye-ƙauye. A makaranta muna da al'ada guda: in zango ya ƙare, kowane yaro sai a ba shi takardar sakamako ya kai wa ubansa. Ba a tambayar yaro ko ya iya gaisuwa, ko rigarsa ta sha guga. Abin da ya rubuta a jarrabawa shi ake dubawa. To, mutumin da muka aika Majalisar Dokoki ta Jihar Kano ya yi zango biyu, shekara takwas ke nan, ga shi ya dawo yana neman na uku. Kafin mu ce masa i ko a'a, ina takardar sakamakonsa?

Bari in fara tuna muku wani abu da akan manta. Ranar zaɓen gwamna takardar ƙuri'a biyu za a miƙa maka. Ta farko ta gwamna, ita kowa ya sani, a kanta ake ta da jijiyar wuya. Ta biyu ta ɗan majalisar jiha ce, ita kuwa sai mutum ya dangwala mata inda ya dangwala wa ta farko, wai shi "sak". Da yawa daga cikinmu ko sunan mai ita ba su riƙe ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma mun daɗe muna yinsa.

Alhali kuwa kujerar nan ba ta wasa ba ce. Mutum 40 ne a majalisar, su ke wakiltar ƙananan hukumomi 44. Gwamna ba shi da ikon taɓa kuɗin jiha sai sun amince da kasafin shekara. Ba mai zama kwamishina sai sun tantance shi. Suna da ikon kiran kwamishinan lafiya ko na ilimi ya tsaya gabansu ya faɗi inda kuɗi suka shiga. Dattawan da ke sauraro sun tuna abin da ya faru a tsohuwar Jihar Kaduna: majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinonin Alhaji Balarabe Musa, ya yi mulki ba kwamishina ko ɗaya, daga baya ta tsige shi a watan Yunin 1981. Ko kana ganin an zalunce shi ko ba ka gani, ka dai ga ƙarfin majalisa. Wanda zai iya sauke gwamna, ai ba zai ce mana ya kasa sa a kawo magani asibitin ƙauye ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Da za ka tambaya, "Ranar da aka kawo dokar kaza, wakilinmu i ya ce ko a'a?" da wuya ka sami amsa a rubuce. Dalili kuwa, yawancin ƙuri'ar majalisa da murya ake yi. Kakakin majalisa ya ce masu goyon baya su amsa, a amsa baki ɗaya. Ya ce marasa goyon baya su amsa, a ji shiru ko gunaguni. Sai ya buga guduma, magana ta ƙare. Wanda ya amsa, da wanda ya yi gyangyaɗi, da wanda ya fita amsa waya, duk sun zama ɗaya. Akwai hanyar da za a ƙirga kowa da sunansa, in wani wakili ya miƙe ya ƙalubalanci hukuncin kakakin ya nemi a rarrabe. Amma kun taɓa jin namu ya nemi haka, ko sau ɗaya? Ni dai ban ji ba. Mutumin da ke alfahari da ƙuri'arsa shi ke so a rubuta sunansa a kanta.

Tun da an ɓoye mana ƙuri'ar mutum ɗaya ɗaya, sai mu duba aikin majalisar da yake zaune a ciki, mu ga abin da take wa sauri da abin da take ja wa ƙafa.

A watan Mayun 2019 aka kawo maganar raba masarautar Kano, a ƙara Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. Ba a cika mako ba doka ta fito, gwamna ya sa hannu. A ranar 23 ga Mayun 2024 wata majalisar ta soke dokar sababbin masarautun, gwamna ya sa hannu a ranar. Ni ba ruwana da rigimar sarauta a wannan takarda, kowa da inda zuciyarsa ta karkata, kuma jam'iyyu biyu daban ne suka yi waɗannan ayyuka biyu. Abin da nake so ku riƙe shi ne saurin. Ashe majalisa tana iya gama doka kafin tuwo ya huce, in manya suna so!

To, ku gwada da wannan. Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, aka bar wa kowace jiha ta yi tata daidai da addini da al'adar mutanenta. Kano ba ta sami tata ba sai a watan Mayun 2023. Shekara 20. Yarinyar da aka haifa ran da aka fara maganar, ta yi aure ta goya nata kafin a gama. Na san akwai wuraren da malamanmu suka ce sai an gyara, kuma gaskiyarsu ne, amma gyaran da zai ci shekara 20 ba gyara ba ne, ajiya ce. Wasu daga cikin shekarun nan wakilinmu yana zaune a kan kujera. Ku tambaye shi: sau nawa ya miƙe ya ce a fito da takardar nan daga aljihun tebur?

Maganar lafiya ita ce ta fid da ni daga aji, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan daɗe a kanta.

Daga ƙarshen 2022 zuwa cikin 2023 cutar mashaƙo ta ɓarke a ƙasar nan, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. A ajina akwai wani yaro mai zama a layin gaba, ɗan shekara tara, shi ke share mini allo. Ran Litinin ya ce wuyansa na ciwo. Ran Laraba bai zo ba. Da na je gidansu na tarar wuyan ya kumbura, numfashi yana fita da ƙyar kamar ana jan zarto. An kai shi asibitin sha-ka-tafi na kusa, aka tarar da kwaɗo a ƙofa, ma'aikacin guda ne kuma ya tafi karɓo kaya. Kafin a sami mota zuwa babban asibiti lokaci ya ƙure. Allah Ya jiƙansa, Ya sa mai ceto ne.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ba wanda ya isa ya yi jayayya da wannan. Amma Wanda Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani, Ya kuma hore mana hankali. Mashaƙo yana da rigakafi. Allura ce da ake yi wa jariri sau uku, yana mako 6, da mako 10, da mako 14, kuma kyauta ce. Yaron nan ba a yi masa ba. Wani zai ce laifin iyaye ne. Akwai nasu, ban musa ba. Sai dai uwar da ta taka tafiyar awa guda da goyo, ta tarar ba ma'aikaci, ta koma mako na gaba aka ce allura ta ƙare, sau nawa za ta sake komawa ga aikin gida yana jiranta?

A nan ne aikin ɗan majalisa yake. Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya. A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don ƙananan asibitoci irin namu. Kano kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya da majalisar jiha ta kafa da doka tun 2016. Wato doka akwai, asusu akwai. Abin da ya rage shi ne mai bin sawu. Rubuta kuɗi a kasafi daban, sakin su daban, isowarsu ƙauye kuma daban. Wakili na gari shi ne wanda zai ɗauki takardar kasafi ya zo ya tsaya a ƙofar asibitinmu ya ce, "An rubuta ma'aikata da magani da firjin allura, ina suke?" In bai gani ba ya koma zauren majalisa ya nemi a kira kwamishina. Matan garin nan, ku ne masu zuwa awo, ku ne masu naƙuda a bayan babur da tsakar dare. Kun taɓa ganin wakilinmu a asibitin nan, in ba ranar yanke kirtani ba?

Kada a ce ban yi adalci ba. A watan Mayun 2024 an yi dokar gwajin lafiya kafin aure, a duba jinin sikila da ciwon hanta da ƙanjamau. Doka ce mai kyau, duk wanda ya ga wahalar yaro mai amosanin jini zai sa mata albarka. In wakilinmu ya goyi bayanta, mun gode masa. Amma a ina mutumin ƙauye zai yi gwajin, nawa zai biya, wa ya tsaya masa a kan wannan? Haka dokar ilimi kyauta kuma dole ta 2020. Na koyar a ƙarƙashinta, yara a zaune a ƙasa, rufin aji rabi kwano rabi sararin Allah, alli kuwa sau da yawa daga aljihuna.

Sai maganar ƙasa da ruwa da itace, wadda 'yan siyasa ba sa son ta saboda ba a rabon ta a leda. Dattawa, ku faɗa wa yara yadda dajin bayan gari yake a da, da ɗorawa da kaɗanya da marke da gawo. Yau buhunan gawayi ake lodawa a mota ana kaiwa birni, iskar bazara kuwa tana shigo mana da rairayi har cikin gona. Mutanen Dambatta da Makoɗa sun san abin da nake faɗi. Burtali an nome shi, shi ya sa kowace kaka sai an yi rigima da Fulani. Can kusa da birni kuma, ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai ya daɗe yana gangarawa cikin koguna, ana ban-ruwan lambu da shi, mu sayi latas da kabeji mu ci. In wani yana ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gandun daji da burtali da filin gwamnati duk a hannun jiha suke, ba sai an je Abuja ba. Wane ƙuduri wakilinmu ya kai a kansu?

Wannan tambayar mun yi masa ita baki da baki a wajen wani taro, gaban jama'a, cikin ladabi. Ga amsar da ya bayar: ya raba babura, ya raba keken ɗinki da injin markaɗe, ya biya wa yara kuɗin jarrabawa, ba a taɓa biki ko rasuwa bai aiko ba. Jama'a suka yi tafi. Ni ma ban raina ba, Allah Ya saka masa. Amma wannan aikin attajiri ne, kowane mai hali yana iya yi. Mu ba attajiri muka zaɓa ba, baki muka aika ya yi magana a inda mu ba mu da izinin shiga. Babur ɗin mutum ɗaya ya samu, asibitin kuwa na gari ne duka.

Akwai masu cewa, "Malam, mutum ɗaya cikin arba'in me zai iya?" Zai iya kawo ƙuduri. Zai iya neman a ƙirga ƙuri'a da suna, kowa ya fito fili. Zai iya ƙin sa hannu a rahoton kwamiti in an rubuta an yi aikin da ba a yi ba. Ko an kayar da shi, an dai rubuta cewa mutanen mazaɓar nan sun ce a'a. Tsarin mulki ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, wanda kuma ya yi fashin fiye da sulusin kwanakin zama ba da hujja ba, kujerarsa ta faɗi. Ku lissafa kwana nawa ke nan cikin shekara takwas, sa'an nan ku lissafa sau nawa kuka ji muryarsa a rediyo yana magana a kan ruwan shanmu.

Ɗan takarar da jam'iyyarmu ta tsayar ba mala'ika ba ne, ɗan garin nan ne, kun san gidansu kun san gonarsu. Ba zan ce muku zai gina asibiti ba, don ɗan majalisa ba ya gini, duk wanda ya ce muku zai yi ya ɗauki rigar gwamna ya sa. Abin da muka sa shi ya ɗauka a gaban shugabannin jam'iyya na mazaɓu shi ne: duk dokar da ta shafi lafiya ko makaranta ko ƙasar noma, zai nemi a ƙirga ƙuri'a da suna. Duk wata uku zai zo ran kasuwa ya tsaya ya faɗi abin da aka kawo majalisa, da abin da ya ce, da dalilinsa, da Hausa, a kuma manna shi a rubuce a ƙofar ofishin jam'iyya. Kasafin shekara kuwa, shafin da ya shafi ƙaramar hukumarmu za a fassara a raba wa masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin mata. In ya saɓa, sashe na 110 na tsarin mulki ya ba ku ikon yi masa kiranye: fiye da rabin masu rajista su sa hannu, hukumar zaɓe ta shirya ƙuri'ar raba gardama. Hanya ce mai wuya, ban ɓoye muku ba, amma in ta kai ga haka sunana ne zai zama na farko a takardar.

Za su zo muku da taliya da atamfa da sabulu, kamar yadda suka saba. Wannan tsakaninku da Allah. Ni roƙona guda ne: in motar ta tsaya, kafin a sauke kwali, wani dattijo ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, wace doka ka kawo, wacce ka ƙi?" Ku saurari amsar da kunnenku.

Ku nemo katin zaɓenku tun yanzu, kada a bari sai daren zaɓe a shiga birkita akwati. Maigida ya bar matan gida su fita da wuri. In an miƙo muku takarda ta biyu, ku tsaya ku dube ta da kyau, ku nemi alamar jam'iyyarmu da ke bangon wannan ɗan littafi, ku dangwala a cikin akwatin da ke gefenta, kada tawada ta tsallaka layi. In kun jefa kuma kada ku watse, ku tsaya har a ƙirga a gabanku a manna sakamako a bango.