Kada Ku Yar da Rokarku

Yara, a filin makaranta a Zongo na ga wasunku sun yi roka da gorar roba. Ta tashi kaɗan ta faɗo, sai suka yar da ita. A ganina sun yi gaggawa. A 1926, rokar Robert Goddard mai shan fetur a Amurka kamar mita 12 kawai ta tashi, bai kuwa daina ba.

Ku duba ruwan tukuna. In gora ta cika, ta yi nauyi. Kashi ɗaya cikin uku ya isa. Sannan ku kasa kunne yayin da kuke buga famfon keke. In kun ji "fiii", iska ce ke zurarewa, ku ƙara matse murfin. Fikafikan kwali su miƙe sosai. Lokacin harbawa kuwa, kowa ya koma baya.